Sankarar Bututun Abinci: Yadda Ake Gano Ta da Yadda Ake Magance Ta

Wace alama ce ya kamata ta kai mutum asibiti?

Wahalar haɗiya wadda ke ƙaruwa sannu a hankali. Da farko nama ko tuwo ne ke maƙalewa a ƙirji, sai mutum ya koma shan kunu, daga baya har ruwa ya soma gagara, ga kuma rama. Bututun abinci, wato hanyar da ke kai abinci daga maƙogwaro zuwa tumbi, mai tsawon kimanin santimita 25, yana iya buɗewa ya ba ƙari wuri, shi ya sa sau da yawa kafin alamar ta bayyana cutar ta riga ta yi nisa. Don haka bai dace a tsaya ana shan maganin gyambon ciki ana jira ba.

Me ke jawo ta?

Sankarar iri biyu ce. Wadda ta fi yawa a gabashin Afirka, arewacin Iran da arewacin Sin tana da alaƙa da taba, giya da abin sha mai tsananin zafi. A 2016 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin sha da ya haura digiri 65 a ma'aunin Celsius yana iya haddasa ta. Ɗayar kuwa, wadda ta fi yawa a Turai da Amurka, tana kama ƙasan bututun ne bayan shekaru na ƙwannafi, musamman ga masu ƙiba.

Ta yaya likita ke tabbatar da ita?

Yakan zura siririn bututu mai kyamara ta baki, ya duba wurin, ya yanko ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Sakamakon wannan naman ne hujja. Daga nan sai a ɗauki hoton CT, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka, domin a san ko ta bazu zuwa hanta ko huhu.

Wane magani ake yi?

Matakin cutar ne ke yanke hukunci. Idan ba ta wuce fatar ciki ta bututun ba, ana kankare ta ta baki ba tare da an buɗe ƙirji ba. Idan ta shiga ciki amma ba ta bazu ba, galibi ana fara da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara, haɗe da gashin haske, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura, sannan a yi tiyata a cire sashen da ya kamu, a jawo tumbi sama a haɗa shi da abin da ya rage.

Idan ta riga ta bazu fa?

Warkewa kan yi wuya, amma ana sanya bututun ƙarfe mai buɗe hanya domin majinyaci ya iya haɗiya, ko a ciyar da shi ta roba, tare da kemo da maganin rage raɗaɗi.