Ƙananan Halittun da ke Rayuwa a Cikin Takin Juji

Takin juji shi ne tarin shara, kashin dabbobi, ganyaye da ragowar abinci da ake bari su ruɓe, a rami ko a durom ko a fili, don a kai gona ko lambu. Ainihin ruɓar aikin ƙwayoyin bakteriya da fumfuna ne. Halittun da ido ke gani idan an kai fartanya kuwa su ne masu daddatsa kayan, su huda hanyoyin iska, wasunsu kuma su yi farautar wasu. Sabon tari mai isasshen danshi yakan yi zafi har digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, don haka a makonnin farko sai a gefe da ƙasa ake samunsu. Idan tsakiya ta huce sai su shigo.

Hanya mafi sauƙi ta tantance su ita ce ƙirga ƙafafu.

Marasa ƙafa

Tana ita ce aka fi sani. Wadda ke zama a taki ja ce, siririya, ba ta nutsewa cikin ƙasa sosai. Masana sun fi ambaton iri biyu: Eisenia fetida, mai zane-zane a jiki, da Eudrilus eugeniae, wadda asalinta Afirka ta Yamma ne kuma ake kiwonta a ƙasashe masu zafi don yin taki. Ganin tana alama ce tarin ya huce kuma danshinsa ya yi daidai.

Tsutsa ce ke rikita mutane, domin iri biyu ne masu bambancin gaske. Ta ƙudan gida fara ce, mai santsi, kanta a tsuke, tsawonta kamar santimita 1. Tana bin nama, kifi da ɗanyen kashi da aka bari a buɗe, kuma a lokacin zafi kwana 7 zuwa 10 sun isa ƙwai ya zama ƙuda. Ɗayar ita ce ta baƙin ƙudan da ake kira soja, Hermetia illucens. Ta fi kauri, ta ɗan baje, fatarta na da tauri da gaɓoɓi a fili, takan kai santimita 2 ko fiye, kuma tana yin duhu idan ta girma. Uwarta ta yi kama da rina amma ba ta harbi, ba ta kuma damu da abincin mutane ba. Abin takaici ne a ga mai lambu ya zuba wa wannan tsutsa maganin ƙwari, alhali tana cinye shara da sauri, tana rage ƙudan gida a wurin, kuma abinci ce mai kyau ga kaji da kifi.

Masu ƙafa shida

Gwazarma babbar farar tsutsa ce mai kai ruwan ƙasa, da ƙafafu shida kusa da kan, kullum a lanƙwashe kamar lauje. 'Yar ƙwaro ce daga dangin buzuzu. Akwai masu cin ruɓaɓɓen abu kawai, akwai masu cin saiwar shuka. Idan aka ajiye ta a kan katako ta juya tana tafiya a rigingine, ƙafafu sama, to daga masu cin taki ce. Duk da haka ya fi kyau a tankaɗe takin kafin a zuba a gadon shuka, a bar wa kaji rabonsu.

Tururuwa da kiyashi masu yawa suna nuna tarin ya bushe. Gwajin danshi ba wuya: a damƙi takin a matse, in ɗigo ɗaya ko biyu ya fito ya yi daidai. Gara ma takan zo idan kara da itace sun yi yawa. Kusa da ɗaki ko rumbu ɓarna ce, amma a gona tana da rana: a ramukan tassa, wato ƙananan ramukan shuka na yankin Tahoua a Nijar, waɗanda ake kira zai a Burkina Faso, takin da ake zubawa ne ke jawo gara ta huda ƙasa mai tauri ruwan sama ya samu shiga.

Akwai kuma wasu 'yan mitsi-mitsi, farare ko ruwan toka, milimita 1 zuwa 3, da ke tsalle idan an motsa tarin. Sunansu na kimiyya Collembola, fumfuna suke ci, ba sa cutar kowa.

Masu ƙafa takwas da fiye

Gizo-gizo mafarauci ne. Ɗige-ɗigen ja ko fari da ke rarrafe a kan ɓawon kankana 'yan uwan kaska ne, akasarinsu ba sa shan jini. Kunama takan fake a busasshen gefen tari, shi ya sa ba a tonon taki da hannu tsirara.

Ƙadandoniya da shanshani ana bambanta su da kallo ɗaya. Ƙadandoniya jikinta a mulmule yake, ƙafa huɗu a kusan kowace gaɓa, tafiyarta a hankali, in an taɓa ta sai ta naɗe kamar gammo. Ruɓaɓɓen ganye take ci. Shanshani a baje yake, ƙafa biyu a kowace gaɓa, yana da gudu, yana da dafi, kuma cizon babba na da zafi. Akwai wata halitta ruwan toka mai sulke da ƙafafu 14, wadda wani irinta ke dunƙulewa kamar ƙwallo. Ba ƙwaro ba ce, danginta su ne kaguwa da jatan lande, kuma ba ta rayuwa sai inda akwai laima.

Yadda ake dubawa

Masu bincike na amfani da mazurarin da Antonio Berlese na Italiya ya ƙirƙiro a 1905: a zuba taki a kan rariya cikin mazurari, a ɗumama shi, halittun su guji zafi da bushewa su faɗa kwalba a ƙasa. A gida farin faranti ya wadatar. A ɗebo tafi ɗaya daga sama, ɗaya daga tsakiya, ɗaya daga gindin tarin, a baza kowanne a inuwa, a dakata kaɗan har su fara motsi.