Digiri na biyu a lokacin da aiki ya yi wuya: a koma aji ko a dakata?

Na gama bautar ƙasa, ba aiki. In koma in yi digiri na biyu?

Fara tambayar kanka, ɗan'uwa: wane aiki nake nema, kuma yana buƙatar wannan takardar? In koyarwa a jami'a ce burinka, to babu makawa, domin da digiri na biyu ake ɗaukar mataimakin lakcara, kuma ba a yin nisa sai da digirin digirgir. Amma in gudun zaman gida ne, da gajiya da tambayar dangi ta "har yanzu shiru?", ka dakata. Takarda ba ta buɗe gurbin da babu shi. Za ka fito ka tarar da layin da ka bari, har ya ƙara tsawo.

Me zai ci mini?

Kuɗin rajista kawai mutane ke lissafawa, alhali ɗawainiyar na gaba. Akwai kuɗin mota ko kabu-kabu daga cikin garin Sakkwato zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Dundaye, wanda ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023. Akwai data. Akwai buga babin kundin bincike, malamin da ke duba aikinka ya cika shi da jan biro, ka gyara ka sake bugawa.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 2022 wata takwas ya ci. Karatun da aka tsara wa wata goma sha takwas yakan kai shekara uku, ga bankuna da kamfanoni da dama na sa iyakar shekaru wajen ɗaukar sababbin ma'aikata. Shekarun nan ba sa dawowa.

Ba a samun tallafi?

Ana samu, sai dai ƙofar ƙarama ce. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, malaman da suka riga suka kama aiki a manyan makarantun gwamnati take ɗaukar nauyi. PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, ta fi karkata ga fannonin da suka shafi man fetur da gas. In ka dace da irin wannan, kada ka yi wasa da shi.

To in ban koma ba, me zan yi?

Nemi abin da mai ɗaukar aiki zai gani da idonsa. Mai son koyarwa ya yi PGDE, wato difilomar koyarwa ta bayan digiri, ya yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai. Wanda ya karanci akanta ya fuskanci jarrabawar ICAN, ƙungiyar ƙwararrun akantoci. Wanda ya karanci noma kuwa, ga albasar Sakkwato ana lodinta zuwa Kudu, tana ruɓewa a rumbu don rashin ma'adana mai kyau. Shekara guda tare da dillalanta za ta nuna masa matsalar da ta cancanci bincike.

Wanda ke da aiki fa?

Shi ya fi kowa cin riba. Albashi na shigowa, ya san giɓin da yake son cikewa. Ya nemi izinin ofis a rubuce kafin ya sayi fom.