Ma'anar bashin jinginar ɗanyen mai

Bashin jinginar ɗanyen mai shi ne rancen da gwamnati ko kamfanin man ƙasa ke karɓa bisa alkawarin biya da kuɗin man da bai ma fito daga rijiya ba tukuna. Yawanci akan ware wa wani mai saye adadin gangar da zai riƙa ɗauka, kuma kuɗin cinikin ba ya shiga baitulmali kai tsaye. Yakan fara sauka a wani asusu na musamman da ke hannun bankin da ya ba da rancen, bankin ya cire kasonsa, sannan ragowar ta isa ga gwamnati.

Masana kan kira wannan tsari salon Angola. Yaƙin basasar ƙasar, wanda ya ɓarke a 1975, bai ƙare ba sai a 2002 bayan kashe madugun 'yan tawaye Jonas Savimbi, kuma ya bar gadoji a karye, gonaki cike da nakiyoyi, jirgin ƙasa ya daina bin layin dogon Benguela. Gwamnatin José Eduardo dos Santos ta nemi a kira taron masu ba da agaji, amma ƙasashen Yamma suka gindaya mata sharaɗin daidaitawa da Asusun Ba da Lamuni na Duniya da kuma bayyana inda kuɗin mai ke tafiya, taron kuwa bai yiwu ba. A 2004 bankin Exim na ƙasar Sin ya ba ta rancen dala biliyan 2, aka jingine masa man Sonangol, kamfanin man ƙasar Angola, kuma kamfanonin Sin ne suka samu galibin kwangilolin. An gyara hanyoyi da asibitoci da makarantu cikin hanzari, don haka ba adalci ba ne a ce tsarin bai tsinana komai ba. Ƙasar da ta fito daga yaƙi ba ta da wata kadara da mai kuɗi zai yarda da ita in ba man ba.

Haɗarin yana cikin yadda ake lissafi. Manomin da ya ci bashi da damina kan zai biya buhu 10 na gero da kaka ya san buhu 10 ne a kansa, ko gero ya yi tsada ko ya yi araha. Bashin mai kuwa da dala ake ƙirga shi, da ganga ake biya. Saboda haka lokacin da farashin ganga ya faɗo daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016, sai da Angola ta ninka gangunan da take miƙa wa masu binta bashi, waɗanda take sayarwa don biyan albashi da shigo da abinci suka ragu, a daidai lokacin da tsofaffin rijiyoyinta suka fara ja da baya. A Disamban 2018 ta koma ga asusun lamunin da ta kauce wa tun farko, ta karɓi shirin dala biliyan 3.7.

Ba Sin kaɗai ke ba da irin wannan rance ba. A 2014 Chadi ta ci bashin fiye da dala biliyan 1 daga kamfanin Glencore na ƙasar Switzerland don sayen kason kamfanin man Amurka Chevron a rijiyoyin Doba, kuma wannan bashi na cikin abubuwan da suka ja tattaunawar sassauta mata basussuka tun daga farkon 2021 har zuwa Nuwamban 2022. Nijar ma ta bi sahu a Afrilun 2024, inda ta karɓi kuɗin kafin alƙalami na dala miliyan 400 daga CNPC, kamfanin man ƙasar Sin, da sharaɗin biya cikin wata 12 a kan ruwa kashi 7 cikin 100, daga man Agadem da ke bin bututu zuwa gaɓar tekun Benin.