Waiwaye: Lokacin da masana suka je ɗaukar darasi a gonakin Zazzau

Duk majalisar da ka zauna a Zariya yanzu, daga Tudun Wada har kasuwar Giwa, maganar ɗaya ce: damina ta daina cika alkawari. Ruwa ya makara, in ya sauka kuma ya ɗauke daidai lokacin da masara ke goyo, daga baya ya dawo da ƙarfi kogin Kubanni ya cika ya shiga gidajen mutane. Wasu na cewa iri mai jure fari ne mafita, wasu na kukan tsadar taki. Masu bincike kuma suna ta kiran a zauna da manoma a nemi mafita tare, ana jin abin kamar yau aka ƙirƙiro shi.

Farkon labarin kowa ya sani. An kafa tashar binciken noma a Samaru a 1922, ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Fari ya gasa Arewa daga 1972 zuwa 1974, cuta ta cinye gyaɗa a 1975, fari ya sake dawowa a 1984.

Abin da ba a cika tunawa ba ya faru ne kafin waɗannan masifu. Wajen 1966, wani Bature masanin tattalin arzikin noma, David Norman, da abokan aikinsa na Samaru suka shiga ƙauyuka uku: Hanwa, Doka da Ɗan Mahawayi. Ba wa'azi suka je yi ba. Shekara guda ma'aikatansu na komawa gidajen manoma suna rubuta wa ya yi aiki, awa nawa, me aka shuka, me aka girbe. A zamanin, mai ilimin boko in ya ga gero da dawa da wake a gona ɗaya, ci-baya yake gani; shi dai a shuka abu ɗaya, layi-layi. Da aka buga lissafi sai ya nuna manomi ke da gaskiya. Gonar haɗe-haɗe ta fi kawo kuɗi a kowace kadada, kuma ba ta cika barin mai ita hannu rabbana ba.

Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa riƙe fartanya. Gero na shiga ƙasa da ruwan fari, a yanke shi cikin Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Dawa na jira har kaka. Wake na bin baya, ya rufe ƙasa, ya bar harawa ga dabbobi. In ruwa ya ci amanar ɗaya, ɗayan zai tsaya. Kakanninmu ba su san kalmar sauyin yanayi ba, amma giccin da suke yi, wato gitta shuka iri-iri a gona ɗaya, maganinsa ne. Gaskiya ne ba manoman suka tsara tambayoyin ba, amsawa kawai suka yi. Duk da haka aikin na cikin waɗanda suka sa duniya ta fara ɗaukar gonar talaka a matsayin tsari mai hikima.

To ina darasin ya tafi? A ganina araha ce ta shagaltar da mu. Daga ƙarshen shekarun 1970 taki ya yi sauƙi, sabon irin masara ya bazu, gonaki da yawa suka koma masara zalla. An samu kuɗi, ba na musu. Amma masara ba ta da haƙurin gero: tana son taki, tana son ruwa a kan kari. Mu 'yan boko kuma muka koma ɗabi'armu ta zuwa ƙauye da amsa a aljihu. Matan da ke ajiyar iri da masu noman fadama a bakin kogin Galma, sau nawa aka tambaye su abin da suka lura da shi?

Hanwa dai yanzu gari ya haɗiye ta, gonaki da yawa sun zama filoti. Dattawan da suka amsa tambayoyin 1966 kaɗan suka rage, kuma ya kamata a same su tun suna iya faɗin wace dawa suke shukawa in ruwa ya makara.