Ciwon hanji ba raki ba ne

A nan Zariya, idan mutum ya daɗe yana fama da murɗawar ciki da kumburi, yau gudawa gobe bahaya ya ƙi fita, aka je asibitin Shika gwaji bai nuna komai ba, sai ka ji dangi suna cewa raki ne, wasu har su ce sammu. Wannan magana tana yi min ciwo.

Hanji yana da nasa jijiyoyin, miliyoyi, kuma wata doguwar jijiya mai suna begas ta haɗa shi da ƙwaƙwalwa, saƙo yana kai da komo. Kusan kashi 90 cikin 100 na sinadarin serotonin na jikinmu, mai isar da saƙo tsakanin jijiyoyi, a hanji ake yin sa. Wannan haɗin na hanji da ƙwaƙwalwa ne ya sa ɗalibi a Samaru cikinsa ke ɗurar ruwa ranar jarrabawa, hanji mai ciwo kuma yake jawo damuwa da rashin barci.

Wata 'yar uwata ta daina zuwa biki, ko ta je bakin ƙofa take zama don kusa da banɗaki. Likita ya duba cikinta da damuwarta tare, ta samu sauƙi. Amma wanda ya ga jini a bahaya ko yana ramewa, ya koma asibiti da gaggawa.