Fasalin Rubutu a Ƙagaggen Labari

Fasalin rubutu shi ne yadda ake zuba haruffa a kan shafi: girmansu, kaurinsu, karkatarsu, launin tawada, da filin da aka bari fayau. A ƙagaggen labari abin ya wuce ado, domin sau da yawa ido kan karɓi saƙo tun baki bai furta kalma ba.

Daga cikin tsofaffin misalai akwai Tristram Shandy na Laurence Sterne, wanda ya fara fita a Ingila a 1759. Da wani liman mai suna Yorick ya mutu a labarin, sai marubucin ya sa aka shafe shafi da baƙar tawada, makoki ke nan ba kalma ko ɗaya. Shi kuwa William Faulkner na Amurka, a littafinsa The Sound and the Fury na 1929, da karkatattun haruffa yake nuna cewa tunanin mai ba da labari ya tsallaka wani zamani. Da so samu ne da tawada kala-kala ya yi. Sai a 2012, shekara 50 bayan rasuwarsa, aka buga shi da launi 14.

A Hausa maganar ta fi tsanani, don ƙugiya ɗaya kan juya jumla. Haruffan ɓ, ɗ da ƙ sun zauna a boko ne a shekarun 1930, zamanin da hukumar fassara ta Zariya ta buga Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. Inda mai buga littafi ya rasa su, "baƙi" ya zama "baki", "ƙafa" ta zama "kafa", sai mai karatu ya koma canke. Wannan ba salo ba ne, aibi ne, kuma an sha ganinsa a littattafan kasuwar Kano.

Mai karatu a Maraɗi ido biyu gare shi. A lakwal, wato makarantar boko, ya saba da tsarin Faransanci, inda gajeren layi a farkon sahu ke nuna wani ya karɓi magana. Littattafan da ke shigowa daga Kano ta Katsina da Jibiya kuma alamar zance irin ta Ingilishi suke sawa. Har harafi ɗaya kan tona asalin littafi: Nijar na rubuta ƴa da ƙugiya, Nijeriya na rubuta 'ya da ɗan waƙafi a sama. Marubucin da ya rubuta "ya hwaɗi" a bakin wata tsohuwa, alhali sauran labarin "ya faɗi" ne, ya riga ya gaya mana inda tsohuwar ta fito.

Yanzu da labarai suka koma waya, marubuta a WhatsApp kan kewaye kalma da tauraro, ɗaya gaba ɗaya baya, ta yi kauri, su ja wasali kamar "wayyooo" don a ji tsawon kuka, su kuma tsinke babi da ɗigo uku daidai lokacin da aka ƙwanƙwasa ƙofa.