Tsohon kwabon tagulla a Maraɗi: kimantawa da sayarwa

Tsohon kwabon tagulla shi ne tsabar kuɗin jan ƙarfe da aka daina ciniki da ita, wadda masu tara tsofaffin kuɗi ke saya don tarihinta. A Maraɗi akan tsince shi a ƙasan adakar kaka, ko a faifan ɗan koli, wani lokaci kuma garma ce ke tono shi a gona. Ita kanta kalmar kwabo daga sunan jan ƙarfe a Turanci aka aro ta.

Iri biyu aka fi gani, kuma zaman garin kusa da iyaka ne ya kawo hakan. Akwai santim biyar da santim goma na Faransa, waɗanda suka shigo da mulkin mallaka lokacin da kuɗin wuri ke ja da baya. Wasu na ɗauke da kan Napoleon na Uku, sarkin Faransa, bugun 1852 zuwa 1865. Nauyinsu na bin darajarsu: santim goma giram 10, santim biyar giram 5. Sai kuma kuɗin Ingila na Afirka ta Yamma, masu huji a tsakiya da tauraro mai tsini shida, waɗanda fatake suka riƙa shigowa da su ta hanyar Katsina da Jibiya: kwabo, sisin kwabo da anini. Da farin ƙarfe aka daɗe ana buga su, sai a 1952 aka koma tagulla.

Tsufa kaɗai ba ya sa kwabo tsada, kuma nan ne mai sayarwa ya fi shan takaici. An buga yawancinsu da miliyoyi. Abin da mai saye ke fara dubawa shi ne shekara, sannan ɗan harafin da ke nuna gidan da aka buga shi. A kuɗin Faransa, A na nufin Paris, K Bordeaux, BB kuma Strasbourg. A kuɗin Ingila kuwa, H da KN gidaje biyu ne na Birmingham. Kwabo biyu na shekara ɗaya kan bambanta a farashi saboda wannan harafin kawai. Daga nan sai lafiyar jikinsa. Dillalan Faransa na jera matakan lafiyar kwabo da haruffa, daga B, wanda ya suɗe sosai, zuwa TB, TTB, SUP, har FDC, wanda bai taɓa yawo a hannu ba. Idan hannu ya cinye shi har shekarar ba ta karantuwa, da wuya ya wuce kuɗin ƙarfensa.

Babbar ɓarna kuwa a gida ake yin ta. Mutum ya ga kwabo ya yi baƙi, sai ya samo lemun tsami da toka, ko tsamiya da yashi, ya dirje shi har ya yi ja wur yana sheƙi. Wannan duhun da ya kankare shi ne shaidar shekarun kwabon, kuma mai saye na gane zanen dirza da madubin ƙara girma nan take, ya karya farashi. Abin da ya dace shi ne a riƙe shi ta gefe, a nannaɗe a busasshiyar takarda, a nisanta shi da laimar damina. Koren gari mai kama da hoda, idan ya fito, tsatsa ce da ke cin tagulla.

Masu saye na gaskiya sun fi yawa a Turai da Amurka, don haka cinikin kan bi ta dillalan kayan tarihi a Yamai ko Kano, ko ta intanet. Ana ɗaukar hoton fuska biyu a hasken rana, a auna nauyi a sikelin masu sayar da zinariya, a kwatanta da farashin da aka riga aka sayar da irinsa. Wanda ya kira a waya ya ce zai biya miliyoyin sefa amma a fara turo masa kuɗin gwaji, ɗan damfara ne. Abin da aka haƙo daga kufai kuwa yana ƙarƙashin dokar kare kayan tarihi ta Nijar ta 1997, ba a fita da shi waje sai da izinin hukuma.